Ranar da Aka Auna Dogo

Da tef ɗin tela aka auna shi, a jikin bangon ajinmu, wata Laraba bayan la'asar. Ɗan bautar ƙasar da aka turo makarantarmu ta kwana a Gusau a ƙarshen 1995 ne ya sa shi ya cire silifas ya jingina da bango, ya ɗora masa littafi a ka, ya ja layi da alli. Tef ɗin bai kai ba, sai da aka ninka awon: ƙafa 6 da inci 5, yaro ɗan aji uku. Sai malamin ya ce ya ware hannuwansa. Wannan awon mun san shi tun a gida, gaba ke nan, da ita ake faɗin zurfin rijiya. Gabar ta zarce tsawonsa da inci 4. Malamin ya daɗe yana kallon layukan allin nan, sannan ya juyo ya ce mana, "Ku riƙe ranar yau. Wannan yaron zai ci abinci da ƙwallon kwando."

Unguwarmu ɗaya da shi a Kwatarkwashi, a gindin dutse, tare muka yi kiwon awaki muna hawa muna sauka. Duk dogon yaro a ƙasar Hausa Dogo ake ce masa, shi ma haka muke kiransa. Kafin ranar nan ba wanda ya ɗauki tsawonsa a bakin arziki. Abin da muka sani, yana buga goshi a ƙofar zaure, kuma in za a yi ɗinkin Sallah sai mahaifinsa ya ƙara yadi.

Malamin nan a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatu, ya kuma yi wasa a Zariya, inda Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira Koci OBJ, ya shafe shekaru yana horar da matasa. Da ƙwallonsa ya zo a jaka. Ya sa mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, aka kafa a jikin allon katako, ƙafa 10 daga ƙasa kamar yadda doka ta ce. Raga kuwa da igiyar buhu muka saƙa ta. Mu a lokacin Rashidi Yekini muka sani. Ƙwallon da ya ci Bulgariya ranar 21 ga Yuni 1994 ba yaron da bai kwaikwayi yadda ya riƙe raga yana kuka ba, amma ba mu da labarin cewa washegari, a jihar Texas ɗin da aka buga wasan, wani ɗan Legas mai suna Hakeem Olajuwon ya ɗauki kofin NBA da ƙungiyar Houston. A kaset ɗin bidiyo malamin ya nuna mana shi, a falon wani malami mai janareta, yana wasa da Orlando a ƙarshen gasar 1995. Mutum kamar giginya, amma ƙafafunsa na juyawa kamar na mai rawar kalangu.

Abin da ya tafi da hankalina ba wasan ba ne, labarin da ya biyo baya ne. Malamin ya ce sai da Hakeem ya shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Ƙwallon hannu yake yi wa makarantarsu, kwalejin horon malamai ta Musulmi da ke Legas, har suka zo bikin wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato, a nan aka roƙi alfarma aka sa shi cikin masu kwando. Sakkwato fa! Babban birnin jiharmu a wancan lokacin. Ga shi Musulmi, yana azumin Ramadana yana wasa. Daga nan na gama yanke hukunci a raina: in Sakkwato ta fitar da wancan, me zai hana ta fitar da namu?

Ni ne na kai maganar gida. Da aka yi hutu ban bar teburin mai shayi ko majalisar bakin kasuwa ba sai da na faɗa: Dogo Amurka za shi. In wani ya yi gardama sai in ce masa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma ranar Laraba aka auna shi. Kafin hutu ya ƙare yara sun koma kiransa Hakimu. Shi bai cika magana ba, murmushi kawai yake yi, amma na lura ya daina rusunar da kafaɗa in yana tafiya. Kuma ya ba da himma. Da asuba, kafin a kaɗa ƙararrawa, za ka ji ƙwallo na bugun ƙasa a bayan ɗakin kwana, shi kaɗai cikin hunturu, yana koyon jifa da hagu har yatsunsa suka tsage.

Da zancen gwajin 'yan wasa a Sakkwato ya taso, malamin ya bi mu har Kwatarkwashi. Mahaifin Dogo ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na ji batunka. Amma wanga yaro shi ka riƙe man garma. In ya karye can, wa za ya kama man?"

"Baba, in Allah ya yarda babu abin da zai same shi. Ni zan kai shi, ni zan dawo da shi."

Tsohon ya yi shiru, ya ce ya amince, amma ya dawo kafin ruwan shuka.

Kambas ɗin da zai shiga ƙafarsa muka rasa a duk kasuwar Gusau. Wanda aka samu a gwanjo sai da aka yanke bakinsa yatsu suka leƙo. Da shi ya taka filin siminti karon farko a rayuwarsa. Ranar farko, in ji malamin, mutane sun bar sauran filaye sun zo kallonsa. Rana ta biyu ya yi tsalle ya tare ƙwallo, ya sauko a kan ƙafar wani, gwiwarsa ta juya. An kawo shi gida a kwance a bayan mota. Mai ɗori ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, irin wadda sai an yi aiki a asibitin ƙashi. Wa ke da wannan kuɗin? Kumburi ya saɓe, ya miƙe, amma da ya juya da sauri sai ƙafar ta ɓalle. Malamin ya yi ta zirga-zirga da ɗan alawus ɗinsa har wa'adinsa ya cika, ya tafi idonsa jawur. A Oktoban 1996 aka ba mu Jihar Zamfara, gari ya ɗauki murna, zoben rodin nan ya yi tsatsa. Damina biyu mahaifin Dogo yana ɗaukar 'yan ƙodago. Yara kuma ba su daina kiran Hakimu ba, sai dai sunan ya canza ɗanɗano, kuma ni na raɗa shi.

Daga baya, da na fara bin gasar NBA sosai, na ga ashe irin awon da malaminmu ya yi da tef ɗin tela shi ake yi a can da na'urori: tsawo, gaba, faɗin tafin hannu, nisan tsalle. Duk da haka suna kuskure. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 1984, bayan an ɗauki Hakeem na farko, Portland ta zaɓi Sam Bowie saboda tsawonsa ta bar Michael Jordan, karayar ƙafa kuma ta yi ta bin Bowie. A 1998 Michael Olowokandi, haifaffen Legas, shi aka fara ɗauka, Dirk Nowitzki ya zo na 9, kuma shi ne ya zama gwarzo. A 2013 sai da aka ɗauki mutum 14 kafin a waiwayi Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da ya taso yana talla a titunan Girka. Amma labarin Bowie ne ya fi tsaya mini a rai. Shi da ya karye likitoci suka yi masa aiki, ba sau ɗaya ba, ya ci gaba da wasa har 1995. A can in hasashe bai cika ba, yaro na da wurin faɗawa. Mu mun ɗora wa Dogo Amurka a ka alhali ko takalmi ba mu iya sama masa ba.

Shi ya sa nake ganin ƙimar Masai Ujiri, wanda shi ma a filayen Zariya ya koyi wasan. Bai taɓa buga NBA ba, da ido ya shiga, yana zagaya ƙasashe yana nemo 'yan wasa, har ya jagoranci Toronto ta ɗauki kofi a 2019. Mutumin da ya fi kowa sanin darajar tsinkaye, amma ta gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda ya kafa a 2003, filaye yake ginawa yana raba takalma. Yau kuwa, da halin rashin tsaro da hanyar Gusau zuwa Tsafe take ciki, ban ga mai neman 'yan wasan da zai biyo ta nan ba.

Dogo yana nan, hatsi yake saya yana kaiwa kasuwar Tsafe, yana ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Sallar da ta wuce na je gaishe shi, muna zaune a zauren mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, sai ga wani saurayi ya sunkuyo don kada ya bugi ƙofa, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da zuwa." Ɗansa ne na uku, shekararsa 14. Da ya miƙo mini kwanon ruwa na ga tsawon hannun, maganar ta zo mini har baki. Na ɗaga kai, na ga uban yana kallona.

Na sha ruwan, na tambayi yaron lambar takalminsa. Ya ce 46, kuma wanda yake sawa ya matse shi. Na rubuta a bayan hannuna.