A Bar wa Abokin Gaba Ƙofa

A shekarun nan, duk majalisar da aka taɓa zancen duniya, ba a watsewa sai wani ya tambaya ko yaƙin duniya na uku ya kusa. Tambayar kuwa tana da dalili. Tun ran 24 ga Fabrairu na 2022 da Rasha ta auka wa Yukiren hankalin Turai bai kwanta ba. Finlan da Suwidin, waɗanda suka daɗe suna 'yan ba-ruwanmu, suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, ɗaya a 2023, ɗaya a 2024. A watan Mayu na 2025 Indiya da Pakistan suka yi kwana huɗu suna ɓarin wuta, alhali kuwa kowaccensu tana da makaman ƙare-dangi. Wata na zagayowa Isra'ila da Iran suka gwabza kwana goma sha biyu, har Amurka ta sa hannu. Can gabas kuma ga Sin da Amurka suna hararar juna a kan tsibirin Taiwan.

Mutane da yawa sun ɗauka babban yaƙi ba ya tashi sai wani azzalumin shugaba ya ƙudurta shi. Wani lokaci haka ne, kamar yadda Hitila ya yi a 1939. Amma akwai wani iri wanda ya fi wannan ban tsoro, watau yaƙin da a ke zamewa a faɗa cikinsa, kowa yana cewa tilas aka yi masa.

Irinsa ne na 1914. Ran 28 ga Yuni wani saurayi ya harbe Yariman Ostiriya a garin Sarayebo. Bayan wata guda Ostiriya ta ɗaura yaƙi da Sabiya. Rasha ta ce ba ta bari a taka ƙanwarta, ta yi shelar tara mayaƙa. Jamus ta tsaya wa Ostiriya, Faransa tana da alkawari da Rasha, Ingila kuma ta shiga ran 4 ga Agusta da Jamus ta keta ƙasar Beljiyam. Kowane sarki yana gudun a ce ya ji tsoro, kowane janar yana gudun abokin gaba ya riga shi shiri. Suna tsammanin abin na 'yan watanni ne, sai ga shi ya ci shekara huɗu da rayukan miliyoyin mutane. Har samarin ƙasar Hausa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Sarayebo ba, sun zub da jininsu a Garwa da Afirka ta Gabas saboda harsashin da aka harba a can.

To, a gwada wannan da abin da ya faru a watan Oktoba na 1962. Jiragen leƙen asiri na Amurka suka ɗauko hoton makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyat ke girkawa a tsibirin Kuba, mil 90 kacal daga gaɓar Amurka. Manyan hafsoshin Shugaba Kennedy suka ba shi shawarar ya kai hari. Bai karɓa ba, sai ya sa jiragen ruwa suka tsare hanyar tsibirin, domin ya sami lokacin magana. Shugaban Sobiyat, Kurushof, ya rubuto masa wasiƙa, ya kawo misali da igiya wadda aka ɗaura ƙullin yaƙi a tsakiyarta. Ya nuna masa in kowa ya ci gaba da jan bakin da ke hannunsa, ƙullin zai yi ta tamkewa har wanda ya ɗaura ma ya kasa kwancewa, sai dai a sa wuƙa.

Ran 27 ga wata igiyar ta kusa tsinkewa. Aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka a sararin Kuba, matuƙinsa ya mutu. A ranan nan kuma jiragen ruwan Amurka suka rutsa wani jirgin Sobiyat mai tafiya ƙarƙashin ruwa, suna jefa masa ƙananan nakiyoyi don ya taso, ba su san yana ɗauke da makamin ƙare-dangi ba. Kyaftin ɗin jirgin ya zaci an riga an fara yaƙi, ya yi niyyar harbawa. Wani hafsa da ke cikin jirgin, Basili Arkifof, ya ƙi yarda. Ba domin taurin kan mutumin nan ɗaya ba, Allah kaɗai ya san abin da gari zai waye a kai.

Kashegari Kurushof ya yi shela zai kwashe makamansa. Abin da ya sa ya iya yin haka bai zub da girmansa duka ba shi ne an bar masa ƙofa. Amurka ta yi alkawari a fili ba za ta mamaye Kuba ba, a asirce kuma ta yarda za ta janye nata makaman daga Turkiyya, ta kuwa janye su a 1963. Kennedy ya hana mutanensa yin kirari da alfahari. Ya san ko akuya in aka matsa mata ta kan yi cizo, balle wanda ke riƙe da abin da zai ƙone duniya.

Tsoron da ɓangarorin biyu suka sha ya zama musu magani. A 1963 suka shimfiɗa layin saƙon gaggawa tsakanin Washinton da Mosko, gama a lokacin rikicin wasiƙa ta kan yi sa'o'i da yawa kafin ta isa, a fassara ta. A shekaran nan kuma aka hana gwajin bam a sarari da cikin ruwa. A 1968 aka ƙulla yarjejeniyar hana bazuwar makaman ƙare-dangi, a 1972 ta taƙaita garkuwar tare makamai masu linzami, a 1987 ta rushe makamai masu cin matsakaicin zango. Makaman da suka kai wajen 70,000 a 1986 suka ragu, yanzu suna wajen 12,000, kashi tara cikin goma na Amurka da Rasha ne. Duk wannan ba ƙauna ta kawo shi ba, kowa ya ga ramin da ya kusa faɗawa ne.

Abin damuwa a yau shi ne katangun nan da aka gina suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta fice daga yarjejeniyar 1972 a 2002. Ta 1987 ta mutu a 2019, kowa yana zargin ɗan'uwansa da karya ta. Wadda aka ƙulla a 2010 don ƙayyade manyan makamai, Rasha ta jingine aiki da ita a 2023. Ƙasashe tara ke da makaman nan, kuma lokacin shawara ya gajarta ƙwarai. Sarakunan 1914 sun sami wata guda, Kennedy ya sami kwana goma sha uku, amma makami mai linzami ya kan ƙetare daga nahiya zuwa nahiya cikin kamar rabin sa'a. Mutanen da suka ga yaƙin Hitila da idonsu kuma sun kusa ƙarewa, waɗanda suka gaje su labari kawai suka ji.

Wani zai ce ina ruwan talakan Kano ko Damagaram da faɗan manya. Sai ya tuna da dakarun da aka kwasa zuwa dazuzzukan Bama a yaƙi na biyu. Ya kuma tuna da 2022, sa'ad da alkama da takin zamani suka yi tashin gwauron zabo saboda faɗan da a ke yi a bakin Baƙin Teku, har mai burodi da manomi suka ji a jikinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka bai kamata mai hankali ya riƙa kallon rikicin manyan ƙasashe kamar dambe ba, yana zuga gwaninsa ya kai abokin karawa ƙasa. Wannan fage ne wanda in an yi kisa har 'yan kallo ba su tsira. Hana zalunci wajibi ne, wanda aka auka wa kuma yana da haƙƙin kare kansa. Amma shugaban da ya cancanci yabo shi ne wanda, ko yana tsaye kan gaskiyarsa, bai daina magana da abokin gaba ba, bai kuma toshe masa hanyar ja da baya ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba masu riƙe da bakin igiyar nan haƙuri da hangen nesa, ya kiyashe bayinsa daga ganin ranar da za a sa wuƙa, amin.