Tafiya Argungu, garin da ba a tsoron gulbi

Direban da ya ɗauke mu daga Kano bai yarda a tsaya ko'ina ba sai Funtuwa, wai so yake ya ratsa dajin Tsafe da rana tsaka. Babu wanda ya ja da shi. A watan Maris na 2020 kowa ya san halin da hanyar Zamfara take ciki, saboda haka har muka shiga Gusau motar tsit take, in ban da wata tsohuwa da ke jan carbi a bayana. Muka wuce Talata Mafara, muka kwana a Sakkwato, da sassafe muka kama hanyar Argungu, tafiyar kilomita ɗari ko kusa da haka.

Bikin kamun kifi ne ya kai ni. Rabon da a yi shi tun 2009, ga shi kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana, a daidai lokacin da ko yin sa ba a yi. Don haka garin ya cika ya batse. Masauki ya gagara, sai wani malamin makaranta da muka haɗu a mota ya ce in zo in raɓa a zaurensu. Ana ta raɗe-raɗin cutar korona a rediyo, amma a bakin gulbi ban ga wanda ya damu ba.

Tun kafin a shiga gari ƙasa take sauya kama. Bayan farar ƙura da busassun ƙayoyi sai ga fadama shimfiɗe, shinkafar rani kore shar, injinan ban ruwa na ta ɓarin hayaƙi. Mutumin da ya tashi a Kano yakan ɗauka duk ƙasar Hausa tudu ce. Kabi tana gyara masa wannan zato.

Na fara da gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar ma'ajiyar kayan tarihi, inda kaburburan sarakunan Kabi suke. Akwai masu da takubba da sulke, akwai kuma kayan su, an ajiye su da daraja ɗaya. A nan mai yi mana bayani ya maimaita abin da kowane ɗan Argungu ya haddace: Muhammadu Kanta ne ya kafa daular a ƙarni na 16, Surame ce cibiyarsa, kuma Kabawa sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa da Sakkwato. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu, aka rasa abin da za a karrama shi da shi wanda ya wuce a nuna masa abin da Kabawa suka fi kowa iyawa. Aka shiga ruwa aka kamo masa kifi. Daga nan bikin ya samo asali a yadda aka san shi yau, ko da yake al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa sun girme shi nesa ba kusa ba.

Wannan shekara ta 1934 ta tsaya mini a rai, domin ita ce shekarar da littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito, bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933. Shi ne littafin farko da na karanta daga bango zuwa bango, kuma shi ya fara koya mini yadda marubutanmu suke kallon ruwa: wani abu ne can nesa, mai magani, wanda sai an sha wuya, an yi ta fama da irin su Malam Zurƙe, an kuma haɗa da taimakon aljanu kafin a ɗebo shi. Haka labarin Bayajidda yake. Rijiyar Kusugu tana tsakiyar Daura amma maciji ya hana ɗiba sai ran Juma'a. Haka tatsuniyoyin da kakata take yi mana: in dai yarinya ta je rafi, to Dodo na nan yana jira. Ko a bori akwai Sarkin Rafi. Duk inda ruwa ya fito a labaranmu, yana da mai shi, kuma mai shin ba mutum ba ne. Jarumi yakan nemo ruwa, ko ya kashe mai gadinsa, amma da wuya ka ji an yabe shi da cewa gwanin ninkaya ne.

Da wannan tarbiyya na je kallon wasannin Kabanci, kuma a nan na fi daɗewa. Masu yawon buɗe ido sun fi ɗokin ranar babban su, amma ni a ganina Kabanci ne ainihin bikin. Aka yi tseren kwale-kwale. Aka saki agwagwar daji a ruwa, samari suka bi ta, tana nutsewa suna nutsewa, har wani ya ɓullo da ita a hannu tana fuffuka. Aka yi kamun kifi da hannu, ba homa ba ƙugiya, mutum ya lalubo tarwaɗa a cikin laka. Aka yi iyo da tulu a ka. Sai gasar nutso, wadda ta sa na miƙe tsaye ban sani ba: mutane suka shige ƙarƙashin ruwa, ruwan ya koma ya kwanta, makaɗa na cikin jirgi suna ta kiɗa. Na fara duban agogo, na fara salati. Wani dattijo da ke kusa da ni, yana gyaran homarsa, ya dube ni ya yi dariya.

Ya ce, "Malam, daga Kano kake?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba. Yaya aka yi ka gane?"

Ya ce, "Ku ɗai ka tsoron ruwa haka. Wanga yaro da kake ma salati, ɗan ƙanena ne. Bai kai ga shiga makarantar allo ba ya iya gulbi."

Na zauna kusa da shi. Ya nuna mini homa, raga biyu a jikin lanƙwasassun itatuwa, ɗaya a kowane hannu, a buɗe su a ƙarƙashin ruwa a haɗe bakinsu a kan kifi. Ya nuna mini gora, ƙatuwa, an fafe ta a sama. Masunci yakan kwanta a kanta da ƙirji ta ɗauke shi, in ya yi kamu kuma ya jefa a ciki. Tasa ta tsage a gefe, an ɗinke an liƙe, ya ce ta mahaifinsa ce. Na tambaye shi yadda suke koya wa yara. Ya ce babu wata makaranta. Yaro yana bin uwarsa wanki, yana wasa a gaɓa, yayyensa na kallonsa. In ya ɗan tasa a ba shi ƙaramar gora. Ran da aka ga ya saki gorar da kansa, shi ke nan. Amma ana nuna masa inda gurbi yake, inda ruwa ke juyawa, da lokacin da ba a shiga. Wannan na ƙarshe ya fi nanatawa. Su ma suna da nasu imanin game da ruwa. Kowa zai gaya maka Sarkin Ruwa ne ke sallamar kadoji kafin a shiga. Bambancin shi ne imanin nasu bai hana su jiƙa ƙafa ba.

Ya yi ƙorafi kuma. Ya ce gulbin yanzu ba na da ba ne. Tun da aka datse ruwa a Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma yi na Goronyo a shekarun 1980, ambaliyar da ke cika fadama ta ba kifi wurin hayayyafa ta ragu. Manyan giwan ruwa sun yi ƙaranci, samari da yawa sun koma noman shinkafa da acaɓa.

Ranar babban su ba ta da wuyar bayyanawa, kowa ya gan ta a talabijin. Dubban masunta sun jeru nesa da Matan Fada, wurin da aka hana su a cikinsa duk shekara. Aka harba bindiga, suka kwaso a guje, ƙura ta tashi, cikin ɗan lokaci ba ka ganin ruwa sai kawuna da goruna, kamar an zuba wake a tukunya yana tafasa. Bayan kamar awa guda aka fara jawo manyan kifaye zuwa ma'auni, mutum uku huɗu na ɗauke da guda. Abin da talabijin ba ta nunawa shi ne warin laka da ƙarnin kifi, da yaran da ke bin gefe suna tsintar ƙananan da aka yar. Na sayi soyayyen kifi da yaji a wurin wata mata, na ci a tsaye.

A hanyar komawa ne lissafi ya dame ni. A Kano muna da ruwa fiye da yadda muke zato: Tiga, Bagauda, Challawa, Watari, ga kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa a tsakiyar unguwanni. Duk damina sai an ji jami'an kashe gobara sun ciro gawar yaro daga kududdufi. Abin da muke yi wa yaro shi ne duka in ya je wanka, da labarin aljanin ruwa. Sai ya faki ido ya tafi a ɓoye, bai san zurfi ba, babu babba kusa. Mun iya cewa iya ruwa fid da kai, amma a zancen siyasa da kasuwa muke faɗinsa.

Shekarar da ta biyo baya ta tabbatar mini da abin da nake tsoro. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife a kogin Kwara kusa da Warra, a jihar Kebbin nan dai, mutum fiye da ɗari suka salwanta. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar wani jirgin ya kife a ruwan Bagwai, a Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da za su je Mauludi. Lodi ya wuce kima, jiragen sun tsufa, babu rigar kariya. A irin wannan hatsari ko gwani yana iya tafiya, musamman in wanda bai iya ba ya ƙanƙame shi. Amma yaron da ya san yadda zai kwanta a kan ruwa na ɗan lokaci har a kawo ɗauki yana da rabon da ɗan'uwansa ba shi da shi.

Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su tilasta sa rigar kariya a kowace mashiga, su kuma hana lodin da ya wuce ƙa'ida. Makarantun da ke kusa da dam ko kogi a sa musu darasin ninkaya, na maza daban na mata daban. Ba sai an ɗauko malamai daga Turai ba, suna nan a Argungu da Yawuri, da yawansu ba su da aikin yi in rani ya yi. Iyaye kuma, in ɗanku ya nace sai ya shiga ruwa, ku nemo wanda ya iya ya tsaya a kansa.