Wata Duniya a Bakin Kwara: Mu Leƙa Ƙasar Bahindi

'Yan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinku sun kalli fim ɗin Avatar wanda James Cameron ya fitar a 2009. A cikinsa an ƙago wata duniya mai suna Pandora, mai duwatsu masu shawagi a sama, da dogayen halittu shuɗaye masu harshensu da sarautarsu. Mutum yakan gama kallo yana cewa ina ma a ce akwai irin wannan wuri ya je ya gani. To, akwai wanda ya kusa da shi a nan jihar Kabi, kuma kuɗin mota da na kwale-kwale sun isa su kai ka. Wurin shi ne bakin kogin Kwara a ƙasar Bahindi, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Taswirar wurin tana sauyawa sau biyu a shekara, kuma akwai al'ummomi da suka riga ɗan Adam zama a can, kowace da garinta da tsarinta.

Yadda ƙasar take

Bahindi tana cikin masarautar Gwandu, a yankin da Gulbin Kabi, wanda littattafan makaranta ke kira kogin Sakkwato, yake gangarowa ya zuba cikin Kwara. Idan ka haye Kwara ta gadar Tuga, hanya za ta kai ka ƙasashen Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, daga Tsamiya kuma sai Segbana a cikin Benin. A kasuwannin yankin kunnenka zai ji Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci, ga kuma Kyangawa da mutanen Borgu da suka daɗe a Illo.

Shi kansa kogin baƙo ne daga nesa. Yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, kilomita kusan 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi Sahara. Yana kaiwa Tambutu a Mali sai ya karkato kudu maso gabas, ya ratsa Yamai, ya bi tsakanin Gaya da Malanbil yana raba Nijar da Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta jihar Kabi. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180. Wannan lanƙwasa ta daɗe tana rikita Turawa. Mungo Park ya bi ta wannan yanki a jirgin ruwa ya halaka a Busa a 1806, kuma sai a 1830 ne 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin har bakin teku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikar kogin sau biyu. Ta farko tana zuwa da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwan saman ƙasashenmu ke kwararowa da laka, kogin ya yi fari-fari. Masu nazarinsa suna kiran wannan farin ruwa. Ta biyu kuwa tana zuwa cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Dalili shi ne ruwan da aka yi a Gini tun damina yakan bazu a wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana a tace. Shi ake kira baƙin ruwa. Saboda haka tsibirin da ka gani a Afrilu zai iya nutsewa a Satumba, kuma inda aka bi da ƙafa bara, bana sai da jirgi. Manoman shinkafa na Kabi sun ɗanɗana zafin wannan sauyi a ambaliyar 2020.

Birnin gara

Kafin ka kai bakin ruwa za ka riƙa wuce suri a gefen hanya, wani ya fi tsayin mutum biyu. Yawancinmu tarin jar ƙasa kawai muke gani, alhali birni ne da mazaunansa kan kai miliyan ko fiye. A can ƙasa akwai ɗaki mai kauri inda sarki da sarauniya suke zaune tare. Sarauniyar ba ta iya fita domin cikinta ya kumbura kamar babban yatsa ko fiye, kuma tana iya zuba ƙwai dubu ashirin a rana guda. Ma'aikata, waɗanda makafi ne, su ke gini da ciyar da kowa. Sojoji masu manyan kawuna su ke tsaron ƙofa. Shingen nan da muke kamawa a gindin fitila bayan ruwan farko, 'ya'yan sarauta ne da suka fito neman inda za su kafa sabon birni.

Wannan gara noma take yi. Ma'aikata suna tauno busasshiyar ciyawa da itace su jera su a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, sannan wani tsiro dangin laimar kwaɗi ya tsira a kai ya narkar da su, garar ta ci. Masana sun ƙiyasta cewa ta fara wannan sana'a a Afirka kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, mu kuwa nomanmu bai wuce shekara dubu goma sha biyu ba. Gonar tana son danshi da iska mai kyau, don haka aka gina surin da hanyoyin iska a cikinsa. Wani mai zanen gine-gine, Mick Pearce, ya ɗauki darasi daga suri ya zana ginin Eastgate a Harare ta Zimbabuwe, wanda aka buɗe a 1996, kuma yana sanyaya kansa ba tare da dogaro da manyan na'urorin sanyaya ɗaki ba.

Masarautar dorina da ayu

Ɗalibi ba ya buƙatar a gabatar masa da sunan dorina, domin daga fatar wannan dabba bulalar ta samo sunanta. A cikin Kwara dorina tana zama garke-garke, kowane babban namiji da yankin ruwan da yake iko da shi. Nauyinsa yakan kai kilo 1,500. Duk da rayuwarta a ruwa, dorina tafiya take yi a ƙasan kogi tana tunkuɗa kanta sama, kuma tana iya riƙe numfashi kamar minti biyar. Da dare take fitowa kiwo, ta ci ciyawa kusan kilo 40. A nan rigimarta da mutum take farawa, domin inda take kiwo a da, yau shinkafa ce. Manomi ya wayi gari an tattake masa gona, ita kuma ba ta san an yanka filin an ba wani ba. Idan kana cikin jirgi matuƙi ya kauce wa wani lungu, kada ka yi masa gardama, musamman idan uwa na tare da ɗanta.

Maƙwabcinta ayu kuwa ba ya faɗa da kowa. Mutane da yawa sun ɗauka kifi ne, amma dabba ce mai shayarwa, tana shaƙar iska, kuma a cikin dabbobin tudu giwa na daga cikin danginta na kusa. Abincinta ciyawar ruwa ce irin su burgu. Tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, sannan ta daɗe tana renonsa. Wannan ya sa duk ayun da aka kashe don namansa ko mansa, sai an yi shekaru kafin a sami madadinsa. Yanzu yana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, kuma dokar Nijeriya ta hana farautarsa.

Masu lantarki a jikinsu

Idan kana neman halittun da suka fi na fim ban mamaki, duba cikin komar masunta. Ga minjirya, wadda ke sakin lantarkin da zai kai bolt 300 don sumar da abin da za ta ci. Ga yauni, dogon kifin nan da ke iyo da baya kamar yadda yake yi da gaba ba tare da ya yi karo da komai ba. Wani masani a jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, ya gano a 1951 cewa yauni yana sakin ɗan raunannen lantarki a kewayen jikinsa ba dare ba rana. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa da shi yake gane abin da ke kusa da shi cikin ruwa mai duhu. Wato yana da wata hanyar gani wadda mu ba mu da ita.

Sai gaiwa, kifi mai huhu. Idan fadama ta fara bushewa sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafar shan iska, ta kwanta har damina ta dawo. Shi ya sa a ƙasar fadama ake iya kama kifi da fartanya a tsakiyar rani.

Rundunar sama

Sama ma tana da nata mazauna. Shamuwa tana isowa gab da damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, kuma iyayenmu sun hana a taɓa ta. Idan rani ya yi sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka inda ake damina a lokacin, ba fasfo ba biza. Jan baki kuma shi ne abokin gabar mai shinkafa da gero. An ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, abin da ya sa ake ɗaukarsa tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya. Idan garkensa ya taso daga cikin ciyayin bakin kogi sai ka ce hayaƙi ne, har gwamnati kan yi hayar jirgin sama don yi masa feshi.

Idan ka bi kogin sama, bayan Gaya, akwai gandun dajin da ake kira W, domin a wurin Kwara ta lanƙwasa kamar wannan harafi. An kafa shi a 1954, yana cikin Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma yana ɗaya daga wuraren da giwa da zaki suka rage a Afirka ta Yamma. A 'yan shekarun baya giwaye sun ɓullo a yankunan Bagudo da Koko/Besse, jama'a suka yi ta tururuwar kallo.

Taswirar kakanni

Mutanen da ma sun zana wa wannan ƙasa tasu taswirar ta halittun ɓoye. A al'adar Hausawa ta dauri ana cewa suri da kuka da tsamiya gidajen iskoki ne, kuma masu bori suna ba da labarin wani birni nasu mai suna Jangare, da sarkinsa da fadawansa. Zabarmawa da Dandawa suna da labarin Harakoi Dikko, sarauniyar ruwa, Sarkawa masunta kuma suna danganta asalinsu da gwarzon nan Faran Maka. Waɗannan labarai ne na al'ada, kuma kowa ya san matsayinsu a wurinsa. Abin lura a nan shi ne sun koya wa yaro cewa ba shi kaɗai ne mai kogi da daji ba. Gurbin da aka ce kada a jefa koma, sau da yawa nan ne kifi ke samun sararin hayayyafa.

Abin da ya rage gare mu

Duniyar fim ba ta lalacewa, domin ana iya sake zana ta a kwamfuta. Wannan ta bakin Kwara idan ta tafi ta tafi ke nan. Koma mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Zuba guba a ruwa don kamun kifi yana kashe na ci da wanda ba na ci ba, ya kuma cutar da mai sha. Sare itatuwan bakin kogi yana sa gaɓa ta zaizaye, yashi ya cike gurbi. Mu da ke makaranta yau, mu ne gobe za mu zama manoma da masunta da malaman gona da kansiloli na wannan yanki, kuma hukunci zai dawo hannunmu.

Ga aikin da nake ba ku a hutun nan. Wanda yake kusa da Bagudo ya nemi babba ya raka shi bakin kogi, kuma kada ya shiga jirgi ba rigar kariya ko jirgin da aka yi wa lodin wuce kima. Wanda yake nesa ya nemi rafi ko tafki ko fadamar garinsu. Ka ɗauki takarda da fensir ka zana taswirar wurin, ka sa alamar kowane suri da kowace bishiya mai sheƙa, da inda ruwa ke kaiwa da damina da inda yake tsayawa da rani. Ka tambayi tsofaffi sunayen kifaye da tsuntsayen da suka sani suna yara, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba a ganinsu yanzu. Idan an koma makaranta ka kai wa malamin labarin ƙasa, ku haɗa taswirorinku ku kwatanta. Hausawa sun ce gani ya kori ji.