Ba Iska Ba Ce



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ko kallon finafinai ya san kamannin da ake ba ɗan shaye-shaye. Ƙato ne mai jajayen idanu da baƙin leɓe, gashi duk ya cukurkuɗe, yana zaune a bayan tasha ko bakin kududdufi yana ɗura wa mutane ashar. In aka hango shi sai a canja hanya, uwa ta ja hannun ɗanta tana cewa Allah Ya shirya. Wannan kamannin shi ne ya kwantar wa iyaye da hankali, domin kowace uwa gani take tunda nata yaron yana wanka, yana goge kayan makaranta, yana durƙusawa ya gaishe ta, to ai annobar ta gidan wasu ce. Ni kuwa abin da idona ya gane mini a 'yan shekarun nan shi ne, da yawa daga cikin masu shan kayan maye ko kusa ba su yi kama da wancan ƙaton ba. Wasu suna aji biyar na sakandare, wasu suna kwalejin ilimi ko jami'a, wasu kuma 'yan mata ne da hijabinsu har ƙasa, masu sanyin murya, waɗanda in kika gan su za ki yi wa ɗanki sha'awar su.

Kada a ce zancen marubuciya ne mai ƙara wa labari gishiri. A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi sun yi bincike a faɗin Najeriya, suka samu cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da taba da giya. Masu shan wiwi sun haura miliyan 10, masu shan ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu kuwa ɗaya mace ce. Jihar Kano kaɗai an lissafa mata sama da mutum miliyan ɗaya. A watan Mayun 2018, bayan BBC ta fitar da wani fim a kan yadda ake fataucin kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. To amma wanda jikinsa ya riga ya saba, doka ba ta cire masa ƙishirwar. Kwalba ta yi tsada, sai yara suka karkata ga abin da kuɗinsu zai iya saya.

Kin san ta inda abin yake farawa 'yar'uwa? Yawanci ta kara ɗaya ne na taba. Tun 2015 akwai dokar ƙasa da ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma ki aiki ƙaramin yaro wurin mai tebur ki ga ko za a tambaye shi shekarunsa. Yaro zai sha don kada abokai su ce masa ɗan Hajiya, ya yi tari, ya tofar, gobe ya sake. A cikin taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin, shi ne yake kama ƙwaƙwalwa ya sa mutum ya kasa sukuni sai ya zuƙa. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa abin da ya kama ta tana ɗanya yake da wuyar saki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai kyau da mugu duk sun san da haka.

'Yan mata kuwa ba sa son warin taba, sai aka kawo musu shisha mai ƙanshin tuffa da na'a-na'a, ana jan ta a wurin bikin ƙawaye kamar wani abin ado. Wai ruwan da ke cikin tulun yana tace dafin. Wallahi ƙarya ce, taba ce dai aka sa wa turare, kuma zaman da ake yi a kanta ya fi na kara ɗaya tsawo nesa ba kusa ba.

Daga nan sai jarrabawa ta matso. Yaro yana jin tsoron WAEC da JAMB, an ce masa a gida in ya faɗi ba mai sake biya masa, sai aboki ya miƙo masa ƙwaya ya ce maganin karatu ne, in ka sha sai ka kwana ido biyu. Tiramol magani ne na asibiti da ake ba mai ciwo mai tsanani, miligiram 50 ko 100 bisa umarnin likita, amma wanda ake sayarwa a lungu yakan kai 200 ko 225. Kodin a zuba shi cikin lemon kwalba, yarinya tana tafe tana kurɓa a gaban kowa. Ga roci mai rina harshe, ga sholisho da ƙananan yara ke shaƙa a tsumma. Duk waɗannan suna shiga jakar makaranta su zauna kusa da littafin lissafi.

Amma ba yaran ne suka sa na ɗauki biro ba. Mu ne iyaye, da irin sunan da muke raɗa wa abin idan ya shigo gidanmu.

Akwai wata makwabciyata, ba zan faɗi sunanta ko unguwarmu ba, 'yarta tana makarantar kwana, yarinya mai ƙoƙari da ba ta wuce ta biyar a aji. Wani hutu ta dawo gida ta canja. Barci har azahar, abinci sai an yi da gaske, kullum tana soshe-soshen jiki, magana kaɗan ta hau faɗa da ƙannenta. Kuɗin cefane ya fara ɓacewa, ɗan kunnenta na zinare ta ce ya faɗi a makaranta. Rannan tana tsakar gida sai ta yanke jiki ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta. Nan take gida ya ɗauka, iska ce. Wata ta ce ai makarantun kwana dama ba sa rabo da mutanen ɓoye, wata ta ce a bincika dangin uba, sammu ne don an ga tana ƙoƙari. Aka shiga hayaƙi da rubutu da turare, aka yanka abin da aka ce a yanka. Watanni suka shuɗe yarinya sai ƙara lalacewa take, ta koma zama a ɗaki ita kaɗai tana kuka ba dalili, wani lokaci ta ce ita gara ta mutu ta huta.

Ƙanwarta ce tana shara ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado, cike da kwalabe da fankon ƙwayoyi. Da daddare uwar ta shigo wurina jikinta na rawa, ta kama hannuna ta ce, "Yaya ki rufa mini asiri kamar yadda Allah Ya rufa miki. In Malam ya ji kashina ya bushe, cewa zai yi ni na lalata ta. In unguwa ta ji kuma wa zai aure ta? Ni da a ce shaye-shaye ne gara a bar shi a iskar."

Na ce, "Haba Maman yara, ki dubi abin da kike faɗa. Auren wa za a yi in babu ran amarya? Gobe da safe ki shirya ta, ni zan raka ku asibiti."

Mai karatu ka lura da maganar baiwar Allahn nan, domin ita ce cutar tamu gaba ɗaya. Iska ba abin kunya ba ce a wurinmu, wadda iska ta taɓa tausayinta ake ji, har a zo dubiya da lemo da ayaba. Amma 'yar shaye-shaye tofin Allah tsine ce, ita da uwar da ta haife ta. Don haka ko uwa ta ga alama sai ta kau da kai ta zaɓi sunan da ba zai zubar mata da mutunci ba, ciwo kuwa yana can yana cin yarinya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa cibin muke ɓoyewa har sai an zo wankan gawa.

A asibiti likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce wannan faɗuwa da shure-shure aikin tiramol ne idan ya yi yawa a jiki, soshe-soshen da yawan barcin kuma na kodin ne. Ya ce yarinyar tana fama da ciwon damuwa mai tsanani, wanda ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. Ya kuma gargaɗe mu cewa ba a ƙwace wa mai shan irin waɗannan abubuwa lokaci ɗaya a kulle shi a ɗaki, domin jiki zai yi bore da amai da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wasu ƙwayoyin ma yanke su farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiya. A hankali ake janye mutum a ƙarƙashin kulawar masana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da yarinyar ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa a gida ba, don ba wanda ya tambaye ta. Ta ce tun da rigima ta yi yawa tsakanin iyayenta har aka fara zancen saki, in ta kwanta a makaranta barci ba ya zuwa, sai tunanin wa zai riƙe ƙannenta. Wata babbar ɗaliba ta ji tana kuka da dare ta ba ta murfi ɗaya ta ce, "Sha ki yi barci ƙanwata." Ta ce a daren ta yi barcin da ta yi wata biyu ba ta yi ba. Kin ji fa 'yar'uwa, ba iskanci ya kai ta ba, barci take nema. Shekara guda ta rasa a karatu, sau ɗaya ta koma ruwa aka sake jawo ta, amma yau tana nan da ranta da hankalinta, ta rubuta jarrabawarta.

Ba kowa ke dacewa haka ba. Wiwi, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya yana kuma sha kullum, tana iya kai mutum ga jin muryoyin da babu su da zargin kowa na nufinsa da sharri. Damuwa tana kai yaro ga ƙwaya, ƙwaya ta ƙara masa damuwa, a haka har wani ya yanke ƙauna da rayuwa. Idan abin ya kai nan kuma sai wasu iyayen su nufi gidan mari. Ba mu manta ba, a watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sasari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a shirya musu su. Sasari yana riƙe ƙafa, amma bai taɓa shiga ƙwaƙwalwa ya warkar da ita ba.

Ni ban ce a bar addu'a ba, wa ya isa ya faɗi haka? A yi addu'a, a kuma tafi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau ta Kano, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe. Hukumar NDLEA da aka kafa tun 1989 ba kame kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara. A 2023 kuma an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar zamanin Turawa, ta tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙinsa na a yi masa magani cikin mutunci. Zuwa Dawanau ba shi ne hauka ba, ƙin zuwa a kan lokaci shi ke kai mutum yawo a bola.

Malaman makaranta ku ma ina roƙonku. Idan kun kama ɗalibi da kwalba, bulala a gaban taro da takardar kora ba su raba shi da ita, sai dai ya ɗauke ta ya kai wata makarantar. Ku zaunar da shi ku ji me ke cin sa, ku kira iyayensa a asirce.

Ke kuma uwa, ki san ƙawayen 'yarki, ki san inda kuɗin kashewarta ke tafiya. In kin ga barcinta ya canja, cin abincinta ya canja, ta daina dariyar da kika san ta da ita, kada ki fara da zagi. Ki ja ta ɗaki ki rufe ƙofa ki ce, "Faɗa mini abin da ke damun ki, ni uwarki ce." Iyaye maza kuma a daina ɗora wa mace laifi ita kaɗai, tsoronku ne ke sa a ɓoye muku har a makara.

Ɗana ko 'yata ɗalibi da wannan ɗan littafi ya faɗo hannunka, in har ka fara, ka sani ba kai ne na farko ba, kuma ana dainawa. Ka nemi babba ɗaya da ka yarda da shi ka faɗa masa yau. In ba ka fara ba, duk wanda ya miƙo maka abu ya ce maganin karatu ne ko na barci, ka ce masa ka gode.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Wassalam.