KUNNEN KYANWAR INNA

Ku yi mani haƙuri, yau ban zo da ci gaban labarinmu ba. Wani abu ne ya daɗe yana ci mani rai, na ce bari in amayar da shi ko wani zai tsira daga irin kuskurena.

Da Allah Ya yi wa Inna rasuwa aka raba kayan ɗakinta, ni abin da na ɗauko kyanwarta ce, wata fara mai ɗigon baƙi a goshi da take kira Kule. Ta sha ce mani, "Auta, ko bayan raina kada ka bar ta da yunwa." Yunwa kam ban bar ta da ita ba. Ta wani wajen na cuce ta.

Bayan wata biyu sai na ga Kule ta tsiri susar kunne da ƙafar baya, tana yawan kaɗa kai. Na leƙa, na ga baƙin datti kamar garin gawayi. Maimakon in nemi masana, sai na naɗa auduga a tsinken ashana na shiga sakace mata kunne, na bi da man gyaɗa mai ɗumi kamar yadda wani maƙwabcina ya ba ni shawara. Kafin mako ya zagayo kunnen ya soma wari yana ruwa, kanta ya karkace, tana tafiya tana tangaɗi.

A asibitin dabbobi likita ya lakato dattin ya sa a na'urar ƙara girman abu, ya ce in duba. Wasu fararen ƙwari na gani suna motsi. Ya ce daga ƙwai zuwa girmansu kusan mako 3 ne, shi ya sa duk wanda ya tsayar da magani da wuri zai ga ciwon ya dawo. Kuma suna yaɗuwa tsakanin kyanwa da kare, don haka duk dabbobin gida ake yi wa magani tare. Sannan ya zana mani ramin kunnensu, a lanƙwashe yake kamar harafin L. Ashe tsinkena tura dattin yake yi can ciki, har dodon kunnen ya fashe, ciwon ya kai inda ke daidaita tafiya. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ya wanke kunnen, ya ɗiga mata magani a ƙeya, ya ba mu na sha. Ya kuma ja mani kunne: kada a kuskura a ba kyanwa farasitamol, ko a shafa mata maganin ƙuman kare mai sinadarin permethrin, duka biyun suna iya kashe ta.

Yanzu duk Juma'a sai na duba kunnenta. Lafiyayyen kunne ba ya wari, ba ya ja. Inda ido ke gani kaɗai nake gogewa. Masu kare, musamman mai kunnuwa a kwance, ku riƙa tsane masa su bayan wanka, ku kuma kula da ƙudajen da ke gwaguye bakin kunne lokacin zafi.

Kule ta warke, amma kunnen hagu ya tafi ke nan, kan ma bai koma daidai ba. Idan na kira ta sai ta juyo mani da na dama, kamar yadda Inna ke yi a ƙarshen rayuwarta. Duk ranar da ta yi haka, nakan rasa inda zan sa idona.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.