Kariyar Inna



Kwanakin baya wani abokina da ke karatu a Ingila ya aiko mini da hoton wata 'yar bishiya mai suna magnoliya. Asalin irinta daga Japan ne, ba ta tsawo sosai, kuma da zarar sanyi ya fara janyewa sai ta cika da fararen furanni tun ganye bai fito ba. Na yi murmushi, domin mai irin wannan hali tana tsakar gidanmu a Birnin Gwari. Sunanta kariya.

Ƙauyenmu yana gefen dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. A nan muka tashi muna tsintar kaɗanya da ɗorawa. A 2018 'yan bindiga suka tashe mu, muka bar rumbuna cike da dawa. Kowa na ta ɗaurin kaya, ita kuwa Inna sai ta nufi jikin danga, ta karyo reshen kariyar da marigayi Baba ya dasa, ta naɗe a tsumma.

Gidan da muka kama haya a cikin gari, tsakar gidansa ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Inna ta bar reshen a inuwa kwana huɗu har bakinsa ya bushe, ta huda gindin wata tsohuwar randa, ta cakuɗa ƙasa da yashi, ta dasa. Ta ɗora randar bisa turmin da ya fashe don kada yara su taɓa, saboda ruwan jikin kariya dafi ne.

Da jinya ta kai Inna Kaduna, amanar ta faɗo hannuna. Don tsoron kada ta mutu, na riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Ko da Inna ta dawo, gindin ya yi laushi, ya fara ruɓewa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki wuƙa ta yanke ruɓaɓɓen, ta sake shanyawa, ta ce, "Kai yaro, ba kowace ƙauna ake nunawa da ruwa ba. Wannan a jikinta take ajiye nata."

Hunturu ya zo, ganyen ya zube ƙaf, ta zama kamar sanda. Kullum in na wuce sai na kawar da kai, ina ganin na kashe abin da ya rage mana na Baba. Sai wata safiya cikin tsananin zafin bazara, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, na fito daga sallar Asuba na tarar da furanni biyar jaja-jaja a kan busasshen reshen. Inna ta daɗe tsaye a gabansu, ba ta ce komai ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: me na tara a cikina lokacin yalwa, wanda zai riƙe ni ranar da komai ya kaɗe?

A Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, wasu mutanenmu suka fara komawa gonakinsu. Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya ba. Amma ranar da Kawu zai tafi, ta yanko rassa uku ta miƙa masa, ta ce ya dasa a inda dangar take, kuma kada ya cika musu ruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.