Mai Kujerar Yadi Ta Fi Mai Leda Tsada

Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji raina ya sosu. Ranar wata Asabar na je wani filin sayar da motocin hannu a bayan garin Houston, inda na shekara tara ina zaune, na tarar an jera Ford Mustang guda biyu gefe da gefe. Dukansu ƙirar 2019, dukansu GT masu fulogi takwas, tafiyar da suka yi ma kusan ɗaya ce. Ta farko baƙa wuluk, kujerun leda, giya otomatik, kujerar har sanyi take hura maka a gadon baya. An liƙa mata dala 29,000. Ta biyu kuwa kujerun yadi gare ta, giyar hannu, tayoyinta sun fara suɗewa. An liƙa mata dala 33,000.

Na ɗauka kuskure aka yi wajen liƙa takardun, har na kira mai sayarwa na nuna masa. Bai yi mini gardama ba, bai buɗe bonet ba, bai ma tayar da injin na ji ƙararsa ba. Ƙofar direba kawai ya buɗe, ya haska lambar shasi da wayarsa, ya shiga ofis ya fito da takarda shafi ɗaya, ya ɗora yatsa a kan layi guda: Performance Pack Level 2. Shi ke nan bayanin dala 4,000. Ni da na taso a gidan da ake yini ana cinikin mota ɗaya, sai na ji kamar an rufe mini ƙofa a fuska.

A daren na buga wa Yayana waya a Kano. Ya fi shekara talatin yana dillancin mota, tun zamanin da ake zuwa Kwatano a koro su.

"Yaya, ga mota biyu, shekara ɗaya, inji ɗaya. Mai leda ta fi araha."

"Mai ledar ful ofshan ce?"

"Ful ofshan ce, Yaya."

"To me kake jira? Ka ɗauka kafin ya farga. Ko dai ta taɓa bugu ne?"

Ba ta taɓa bugu ba. Abin da na kasa fahimtar da Yaya a waya shi ne, a nan babu wani abu guda da ake kira ful ofshan. Kamfani yakan kasa mota ɗaya aji-aji, kuma ajin ba tsani ba ne da za ka ce wannan yana saman wancan kai tsaye. Hanya biyu ce. Ɗaya ta jin daɗin zama ce, ɗaya ta gudu. Mu a gida ta farkon muka sani muke biya, domin ita ido ke gani.

Mustang ɗin da aka ƙera daga 2015 zuwa 2023 a masana'antar Flat Rock ta jihar Michigan jikinsu kusan iri ɗaya ne, amma injinan sun bambanta ƙwarai. Akwai mai fulogi shida, lita 3.7, ƙarfin doki 300, wanda aka daina sa shi bayan 2017. Akwai EcoBoost mai fulogi huɗu da turbo, lita 2.3, ƙarfin doki 310. Sai GT mai fulogi takwas, lita 5.0, wanda ya fara da doki 435, aka ƙara shi zuwa 460 a 2018, sannan ya ɗan sauka zuwa 450 a 2022. Sama da su akwai Bullitt da Mach 1 da Shelby, waɗanda ban ko leƙa farashinsu ba. Kalmar Premium kuma ana iya ɗora ta a kan EcoBoost ko a kan GT, kuma ba ta ƙara wa inji ko doki ɗaya. Leda ce, da kujera mai ɗumi da sanyi, da kayan sauti. Saboda haka za ka ga EcoBoost Premium tana sheƙi kamar amarya, alhali GT ɗin da ke gefenta mai kujerar yadi ta fi ta ƙarfi da doki 150.

Shi kuwa Performance Pack, yawancin kayansa a ƙarƙashin mota suke. Mataki na farko na GT yana zuwa da burkin Brembo mai fistan shida a gaba, da lagireto mafi girma, da tayoyi inci 19, da wata giyar baya mai suna Torsen da ke hana taya ɗaya ta yi ta wulwulawa a banza lokacin da ɗayar ta kama ƙasa. A sabuwar ƙirar 2019 kuɗinsa ya kai kusan dala 4,000. Mataki na biyu, wato wanda aka nuna mini da yatsa, daga 2018 zuwa 2020 kawai aka yi shi, kuma a kan giyar hannu kaɗai. Dala 6,500 ne a sabuwa. Yana da shokozoba ta MagneRide, wadda ruwan cikinta ke yin kauri ko ya saki gwargwadon yadda kwamfutar mota ta umarta, da tayoyin Michelin masu faɗin milimita 305 gaba da baya. Ba su da yawa a kasuwa, kuma masu zuwa filin tsere a ƙarshen mako suna nemansu ido rufe. Ashe mai sayarwar bai cuce ni ba. Farashin kasuwa ya faɗa, kuma yana da takardar da ta tsaya masa.

Nan ne hassada ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Tun 1958 doka ta wajabta wa masu ƙera motoci a Amurka su liƙa wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai ɗauke da farashinta da jerin kayan da aka sa mata. Ana kiranta da sunan Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma, wanda ya kawo ƙudurin. Mota za ta yi hannu uku, amma da lambar shasinta wakilin kamfani zai iya duba maka abin da ta fito da shi daga masana'anta. Na tuna wata mota da na saya a gida kafin na taho, an manna mata tambarin V6 a baya, sai da ta shiga gareji muka ƙirga fulogi muka samu huɗu. Da irin wannan takarda tana bin motocinmu, da ba a yi mini haka ba.

Amma kada wani ya ɗauka a nan ba a manna tambarin ƙarya. Ana sayar da tambarin GT da na 5.0 a intanet da 'yan daloli kaɗan, kuma na ga EcoBoost sanye da su. Don haka ga abin da na koya, ga duk wanda zai sayi irin wannan mota a nan ko zai aiko a saya masa.

Ka fara da lambar shasi, wadda suke kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, tana gindin gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin ƙofa. Ka tabbata ta wurare biyun ta dace da ta takarda. A Mustang na waɗannan shekaru, harafi na takwas shi ke gaya maka inji: F fulogi takwas ne, H EcoBoost ne, M fulogi shida ne. Wannan ko a waya aka turo maka hoto za ka iya dubawa kana zaune a Fagge. Bayan haka ka nemi lambar rukunin kaya. Ford tana rubuta 100A ko 101A ga EcoBoost, 200A ko 201A ga EcoBoost Premium, 300A ko 301A ga GT, 400A ko 401A ga GT Premium. In an ce maka Premium ce alhali takarda ta nuna 300A, to ledar daga baya aka ɗinka ta, kuma kada ka biya ta da farashin ta kamfani.

Haka ma batun Performance Pack. Mutane suna sayen rim ɗinsa su ɗaura wa motar da ba ta da shi. Ka durƙusa ka leƙa ta cikin rim ɗin gaba ka ga ko akwai burkin Brembo, ka karanta girman taya: a mataki na farko na GT ta gaba 255 ce, ta baya 275. Wannan bambancin yana nufin ba za ka iya juya tayoyin gaba zuwa baya don su daɗe ba, kuma tayoyi ne masu laushi da ke saurin cinyewa. Ka tambayi farashin saiti ɗaya kafin ka sa hannu a takarda. MagneRide ma daɗi gare ta a kan titi, amma ranar da ta fara yoyo kuɗin canjinta ya ninka na shokozoba ta yau da kullum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai ka buɗe but: da yawansu babu safaya, sai ɗan famfon iska da ruwan liƙi, kuma ƙaramar safayar kamfani ba ta shiga kan babban burkin nan na gaba.

Shekara ma aji ce, ko da ba a rubuta ba. Otomatik mai giya goma a 2018 ta fara, kafin nan shida ce. A shekarar ce kuma aka fara sa salansa mai maɓallin rage ƙara, abin da maƙwabtanka za su gode maka in kana fita sallar asuba da ita. Ƙirar 2015 allonta tsohon tsari ne, daga 2016 aka koma SYNC 3. Ka kira kamfanin inshora ka ba su lambar shasi kafin ka yi ciniki, domin abin da za su caji matashi a kan fulogi takwas yakan sa ya koma neman EcoBoost da kansa. A Texas kuma akwai harajin sayen mota kashi 6.25 cikin ɗari, wato waccan dala 4,000 da ta hana ni barci tana jan wata dala 250 a bayanta.

Sai dai akwai inda takarda ba ta kai ba, kuma nan na ji kewar gida ta taso mini. Motar gudu an saye ta ne don a gudu da ita. Takarda ba za ta gaya maka mai ita na farko ya yi ta ƙona taya a tsakar dare ba, ko ya taɓa kwamfutar inji don ya ƙara ƙarfi sannan ya mayar kafin ya sayar. Rahoton tarihin mota na Carfax abin da aka kai rahotonsa kaɗai yake nunawa. Na kai baƙar wurin wani bakanike mai zaman kansa na biya ya duba, ya jona na'urarsa, ya ɗaga ta sama, ya yi aikinsa tsaf. Amma ina tsaye ina tuna kanikawanmu da ke kara sukundireba a jikin inji su sa kunne, su gaya maka abin da zai lalace nan da wata biyu. Ina tuna yadda Yaya ke shafa gefen ƙofa da tafin hannu ya ce an yi fenti a nan. Wannan ilimin ba a buga shi a takarda, kuma ban ga mai shi a filin nan ba. Ni ne da kaina na ɗaga kafet na shinshina, na leƙa ƙarƙashin kujera ina neman tsatsa, domin garin nan ne guguwar Harvey ta cika da ruwa a 2017, kuma ambaliya ba ta daina zuwa ba tun daga lokacin. Motar da ta sha ruwa ko ta yi mummunan haɗari ana buga wa takardarta hatimin salvage, a kai ta gwanjon Copart ko IAA, kuma kowa ya san da yawa daga can suke hawa jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano. Ƙungiyar NICB tana ba da damar duba lambar shasi kyauta a ga ko an taɓa rahoton sata ko lalacewa, hukumar NHTSA kuma tana nuna ko akwai gyaran da kamfani ya kira a yi ba a yi ba.

Ga wanda zai tura irin wannan mota gida, ra'ayina a fili yake. Performance Pack mataki na biyu asarar kuɗi ce a titunanmu. Leɓen bambarta na gaba yana dab da ƙasa, tudun rage gudu na farko zai tsinke shi. Tayar 305 ba za ka same ta cikin sauƙi a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba, kuma ba a yi ta don ruwan damina ba. Ƙarfin dokin GT da kamfani ke tallatawa ma da fetur mai lamba 93 aka auna shi. Kujera mai hura sanyi kuwa, a zafin watan Afrilu na Kano ko Maraɗi, kullum za ka ci moriyarta. A wannan gaɓar Yaya ne ke da gaskiya, ko da bai san sunan ajin ba.

Na koma filin ranar Laraba. Mai kujerar yadin ba ta nan, wani ya taho daga Dallas ya biya kuɗinta cif ba tare da ya nemi ragi ba. Na ji wani iri, domin a cikin kwana huɗun nan na karanta labarinta har na fara sonta. Na zauna da mai sayarwa a kan baƙar, na yi masa ciniki irin na gida, na lissafa masa tayoyin baya da batirin da bakanike ya ce ya kusa mutuwa, na miƙe sau biyu kamar zan tafi. Ya sallama a dala 28,200. Da na gaya wa Yaya sai ya ce, "Madalla, ƙanena. Amma da ni ne da sai ya sauko ƙasa da haka."

'Yan uwa da ke turo kuɗi daga gida a saya muku mota a nan, don Allah ku daina cewa a samo muku ful ofshan kawai. Ku faɗi injin da kuke so da titin da za ta riƙa bi, kuma kada ku tura ko dala ɗaya sai an aiko muku hoton lambar shasi, duka 17 ɗin.